Baka Daidai da Mai Shi

Ba a koya wa Bahaushe abin da a ke kira baka. Tun kafin bindiga ta yawaita a ƙasashenmu, da kwari da baka kakanninmu suka tsare garuruwansu, da su kuma maharba suka ciyad da iyalinsu. Bakan da muka gada itace ne guda ɗaya, a sassaƙe shi, a tanƙwara, a ɗaura masa tsirkiya, shi ke nan. Ba ruwansa da tsawon wanda ya ɗauke shi. Dogo ya ja iyakar hannunsa, gajere ya ja iyakar nasa, kowa kibiyarsa ta tashi. Amma akwai wani irin baka a ƙasar Amurka wanda bai yarda da wannan ba. Shi sai an auna mutum tukuna, kamar yadda maɗinki ke auna mai riga, sa'an nan a gyara bakan ya zo daidai da shi. In awon ya kuskure, ko da da inci ɗaya ne, mai harbi zai ji a jikinsa, kibiyarsa kuma za ta tona masa asiri. Labarin wannan awo na ke so in ba ku, gwargwadon abin da na gani, na kuma gwada da hannuna, cikin shekara biyu da na yi a Jihar Misuri ina koyon aikin gona.

Turawa suna kiran wannan baka kamfawun, watau haɗaɗɗe. Ni dai baka mai faifai zan riƙa ce masa, domin abin da ido ke fara gani a jikinsa ke nan. Tsakiyarsa, inda a ke riƙewa, ƙarfe ne mara nauyi. Sama da ƙasa akwai rassa gajeru masu tauri ƙwarai, waɗanda ko ƙato ba ya iya tanƙwara su da hannu. A ƙarshen kowane reshe an maƙala ɗan faifan ƙarfe mai juyawa, tsirkiya da waɗansu igiyoyi suka zarga ta bisansa, kamar yadda igiyar guga ke bi ta kan abin nan mai juyawa da a kan rataya a bakin rijiya mai zurfi. Wani mutumin Misuri ne, sunansa Holless Wilbur Allen, ya ƙago shi. Cikin 1966 ya nemi hukuma ta tabbatar masa da cewa dabarar tasa ce, aka ba shi takarda cikin 1969. Wani gwanin yin baka a Kalifoniya, Tom Jennings, ya karɓi dabarar da izininsa, ya shiga ƙerawa yana sayarwa. Yau mafi yawan masu farauta da baka a Amurka da irinsa su ke fita daji.

Ga abin da ya sa mutane suka so shi. Faifan nan ba zagayayye ba ne sosai, ya fi kama da ƙwai, ƙusar da ya ke juyawa a kanta kuma ba a tsakiyarsa ta ke ba. In ka fara jan tsirkiya sai ka ji nauyi yana hawa, yana hawa, har ya kai ƙololuwa. Ka ƙara ja, sai faifan ya juya, nauyin ya zube, ka ji kamar an sauke maka kaya. Da laba a ke auna nauyin ja, laba ɗaya kuwa ta ɗan kasa rabin kilo. To, bakan da ƙololuwar nauyinsa laba 60 ce, in an yi shi da rangwamen kashi 80 cikin 100, laba 12 kaɗai za ka riƙe sa'ad da ka gama ja. Saboda haka kana iya tsayawa ka yi bara a tsanake, hannu ba ya rawa. Amma daga wurin rangwamen nan, in ka ƙara ja kaɗan, sai tsirkiya ta tsaya cik. Ko ƙarfin raƙumi gare ka, ba ta ƙara motsawa. Masu harbi suna kiran wurin nan bango.

Bangon nan shi ne tushen maganarmu. A bakan gargajiya jikin mutum ne ke gaya masa inda zai tsaya. A baka mai faifai kuwa ƙarfe ya riga ya yanke hukunci. In bango ya yi nisa, tilas mutum ya miƙe jiki fiye da halittarsa don ya kai gare shi. In ya yi kusa, tilas ya takure. Ba kuma dama ya tsaya a tsakiyar hanya, domin can ne nauyi ya ke cikakke, faifan zai fizge tsirkiyar daga hannunsa. Nisan da ke tsakanin mariƙin baka da tsirkiya, sa'ad da ta kai bango, shi a ke kira tsawon ja, da inci kuma a ke faɗinsa. Sai dai masu ƙera bakan suna da wata ƙa'ida da ya kamata a sani. Su kan auna daga inda gindin kibiya ya kama tsirkiya zuwa lungun mariƙi, wurin da tsakanin babban yatsa da manuni ke zama, sa'an nan su ƙara inci 1¾ a kai. Watau bakan da aka rubuta wa 28, in ka sa ma'auni za ka sami 26¼. Wanda bai san wannan ba sai ya yi tsammani an cuce shi.

Maƙwabcina, wani manomin masara da waken soya, shi ya kai ni kantin da a ke sayad da waɗannan kaya, ganin na cika shi da tambaya. Mai kantin dattijo ne, ya yi furfura cikin sana'ar. Na dubi bakunkuna rataye jere a jikin garu, na ce, "Maigida, wanne ya fi kyau cikin waɗannan?"

Ya ce, "Ɗana, ban san wanda zan ba ka ba sai na san tsawon hannunka. Zo ka tsaya nan."

Ya sa na ba garu baya, na buɗe hannuwa dama da hagu daidai da kafaɗa, tafuka suna duban gaba. Ya ce kada in yi miƙa, kada kuma in saki jiki, in tsaya kamar yadda na saba tsayawa. Yaronsa ya riƙe bakin ma'auni a kan yatsana na tsakiya na hagu, shi kuma ya ja shi har kan yatsan tsakiya na dama. Ya ce, "Inci 71." Sai na yi murmushi, na ce a raina, ashe awon gaba ne! Awon nan da masu haƙar rijiya da masu tufkar igiya ke yi a garinmu, su ce rijiyar wane gaba 12 ce, shi ne Bature ke yi mini da ma'auninsa na ƙarfe.

Daga awon gaba a ke fid da tsawon ja, lissafin kuwa ba shi da wuya. A raba awon da 2½. Wanda rabawa da rabi ta yi masa wuya, ga hanya mai sauƙi: ya ninka awonsa sau 2, abin da ya samu ya raba shi gida 5. Mai awon inci 70, ninkinsa 140 ke nan, a raba gida 5 a sami 28. Mai 65 zai sami 26, mai 75 zai sami 30. Nawa 71 ya ba da 28 da ɗan ɗori, wanda bai kai rabin inci ba. Akwai kuma wata hanya da waɗansu ke bi, a ɗebe 15 daga awon, a raba saura gida 2. To, duba abin mamaki. Mai awon 75, hanyoyin nan biyu duk 30 su ke ba shi. Mai 70 kuwa, ta fari ta ce 28, ta biyu ta ce 27½. Mai 65, ta fari ta ce 26, ta biyu ta ce 25. Inci guda cur tsakaninsu, ga shi kuwa mutum ɗaya ne, hannunsa bai ƙaru ba, bai ragu ba. Na nuna wa dattijo wannan, na ce, "Maigida, wacce ce ta gaskiya?"

Ya ce, "Duk biyun ƙofar gari su ke kai mutum, ba su kai shi gida."

Dalili kuwa shi ne ba a halicci mutane da ma'auni ɗaya ba. Mutum biyu su kan yi daidai a awon gaba, amma ɗaya faɗin ƙirji ne ya cika masa awon, ɗayan kuwa dogayen yatsu. Tsawon yatsun hannun da ke riƙe baka ba ya ƙara kome ga ja, tun da ya ke a tafin hannu mariƙi ke zama. Wani wuyansa dogo ne, wani gajere. Wani in zai yi harbi ya kan ba abin bara gefe sosai, wani ya kan ɗan fuskance shi, wannan kuwa yana rage nisan da hannu zai kai. Har akwai wanda ba shi da awon gaba ko kaɗan. Wani Ba'amurke, Matt Stutzman, an haife shi ba hannuwa. Yana zaune bisa kujera ya ke riƙe baka mai faifai da yatsun ƙafa, ya saƙala tsirkiya a wani maɗauri da ke kafaɗarsa, ya tura bakan da ƙafa. Da haka ya ci lambar azurfa a wasannin naƙasassu na duniya a London cikin 2012, ya kuma ci ta zinariya a Faris cikin 2024. Shi ma yana da nasa tsawon ja, ba kuwa lissafin gaba ne ya ba shi ba.

Saboda haka bayan lissafi sai gwaji. Dattijo ya daidaita wani baka a 28½, ya ɗana kibiya, ya miƙo mini, ya sa na tsaya wajen abin bara. Galibi ba da yatsu a ke jan tsirkiyar wannan baka ba. Akwai wata 'yar maƙata mai kunama irin ta bindiga, a ɗaura ta a wuyan hannu, a saƙala ta a wani ɗan zoben igiya da aka ƙulla a tsirkiya, bayan gindin kibiya. Na ja har bango. Dattijo bai dubi abin bara ba ko sau ɗaya, ni ya yi ta kewayawa kamar mai sayen doki.

Ga abin da ya ke dubawa, wanda ya koya mini daga baya. Mai harbi ya tsaya a miƙe, kansa bisa wuyansa, bai karkata gaba ko baya ba. Hannun da ke riƙe da baka ya miƙe, amma gwiwar hannun ba ta ƙage ba. Kafaɗar wannan hannu ta zauna ƙasa, ba ta hau wajen kunne ba. Tsirkiya ta taɓa kan hanci, ta kuma bi ta gefen baki. Hannun ja ya sami masauki a bayan muƙamuƙi, ƙarƙashin kunne, inda ƙashi zai haɗu da ƙashi. In kuma ka tsaya a bayan mutumin, sai ka ga gwiwar hannun ja ta yi layi ɗaya da kibiya, kamar an miƙa zare daga tsinin kibiya har zuwa gare ta.

Sa'an nan ya ce in rufe ido in ja, in bar jikina ya zauna inda ya ga dama, kana in buɗe. Hikimar wannan ita ce, in ido yana buɗe mutum ya kan kai kansa ga tsirkiya ba da saninsa ba. In ido yana rufe kuwa, tsirkiya ce za ta zo wurin fuska, ko ta kasa zuwa, ko ta wuce. Da na yi haka sau uku, sai ya ce tsirkiya ta ɗan gota gefen bakina, gwiwar hannuna kuma ta ɗan zarce baya. Ya karɓi bakan, ya rage rabin inci, ya mayad da shi 28. Da na sake ja, sai na ji nauyin ya bar damtse ya koma tsakanin allunan kafaɗa, inda naman baya mai ƙarfi ya ke. Na ji kamar na sa ƙafa cikin takalmin da baduku ya yanka bisa sawuna.

Ya kuma raba mini abu biyu da mutane ke haɗawa. Inda tsirkiya ke taɓa fuska, tsawon jan baka ne ke gyara shi. Inda hannu ke sauka kuwa, tsawon zoben igiya da na maƙata su ke gyara shi, zoben nan kaɗai ya kan kai rabin inci. In tsirkiya ta zauna daidai a fuska, amma hannu ya wuce baya, to, maƙata za a rage, kada a taɓa baka.

Abin da ke faruwa in awo ya zarce kuwa, a jikin wani yaro ɗan ƙasarmu na gan shi, wanda ke karatu a garin, na kuma ɗauke shi kamar ƙanena. Ganin ina harbi sai sha'awa ta kama shi. Ya sami wani dogon mutum zai tashi daga garin yana sayad da kayansa, ya sayi bakansa da araha. Bakan nan inci 30 ne. Na auna yaron, awonsa 68, lissafi ya ba shi 27 da ɗan kaɗan. Na ce, "Ƙanena, zo mu kai a rage maka."

Ya ce, "Haba Yaya, ai in an rage, gudun kibiya zai ragu."

Nan kam gaskiya ya faɗa. Masu ƙera baka su kan gwada shi da nauyin laba 70, da tsawon ja inci 30, da kibiya mai nauyin kusan giram 23, sa'an nan su rubuta yawan ƙafar da kibiyar ke ci cikin daƙiƙa ɗaya. Da yawa su kan wuce ƙafa 320. Kowane inci ɗaya da aka rage daga tsawon ja, wajen ƙafa 10 ke zubewa daga gudun. Wannan ne ke ruɗin samari, kowa ya so a ce hannunsa ya fi yadda ya ke. Dattijo ya gaya mini da wuya ya ga wanda ya shigo kantinsa da baka ya kasa masa, amma waɗanda nasu ya zarce ba su ƙirguwa.

Yaron nan, don ya kai bango, sai ya ƙage gwiwar hannun hagu, ya tura kafaɗa, ya gantsare kamar mai rungume da tulu. Hannunsa na dama ya wuce kunne yana reto a iska, ba ƙashin da zai jingina da shi. Tsirkiya ta nutse masa cikin kumatu. Tun da hannu ba shi da masauki, yau ya sauka nan, gobe can, kibau kuwa suka yi ta warwatsuwa kamar an watsa wa kaji tsaba. Ran nan ya saki kibiya, tsirkiya ta zabge shi a cikin damtsen hagu, domin ƙagaggen hannu kan turo nama a hanyarta. Wurin ya kumbura, ya yi baƙi faɗin tafin hannu, ya yi mako biyu yana jinya. Kafin wata ya cika kafaɗa ta fara hana shi barci. Da kansa ya zo ya ce, "Yaya, mu je wurin dattijon nan naka." Lalle zanen aro ba ya rufe katara. Aka duba, ashe faifan bakan irin wanda ba ya gyaruwa ne, sai da aka aika aka sayo wani, kuɗin kuwa ya kusa cinye arahar da ya samu. Aka mayad da shi 27. Kibiyarsa ta rage gudu da wajen ƙafa 30, amma cikin 'yan makonni ya zama yana tara kibau 6 a wurin da tafin hannu zai rufe, daga nisan yadi 20.

Kasawa ita ma da nata aibi, ko da ya ke masana sun ce in dai tilas a kuskure, gara a ɗan kasa da a zarce. Wanda bakansa ya kasa masa za ka gan shi a takure, hannun baka a lanƙwashe, kafaɗa ta hau, wuya ya miƙa gaba yana neman tsirkiya, gwiwar hannun ja kuma ta fita waje ba ta shiga layin kibiya ba. Tun da ƙasusuwa ba su jeru ba, tsoka ce ke ɗauke da nauyi, tsoka kuwa ta kan gaji.

Akwai kuma wata shaida da mai harbi zai iya gani da kansa. A jikin bakan akwai ɗan tsinke mai haske da a ke ɗorawa a kan abin bara, cikin tsirkiya kuma an saƙala ɗan zobe mai huda, wanda ido ke leƙawa ta ciki. Ba mahalukin da tsinken nan ke tsaya masa cik, kullum yana ɗan motsi. Amma motsi iri iri ne. In ja ya zarce, tsinken ya kan yi ta yawo a hankali, yana kewaye mai faɗi, mutum ya kasa tsare shi. In ya kasa, sai ya yi ta ɓari da sauri, kamar mai jin ɗari. In ya yi daidai, sai ya riƙa lilo kaɗan kaɗan a cikin tsakiya, ba ya fita.

Kada mai karatu ya ce duk wannan wahala don wasa ne kawai. Maharbinmu na gargajiya da dafi ya dogara. Kibiyarsa ta kyauro ce, ba a sa mata gashin tsuntsu, in ta sami nama ko a cinya ne, dafin kwankwani zai ƙarasa aiki. A Amurka kuwa doka ta hana dafi a kusan kowace jiha. Kaifin kibiya kaɗai ke kashewa, tilas kuwa ta shiga bayan ƙafar gaba, ta sami huhu ko zuciya. A jikin barewar ƙasar, mai farar wutsiya, wurin nan bai fi faifan rufe ƙwarya ba. In kibiya ta gota da taƙi ɗaya ta shiga ciki, dabbar ba ta faɗuwa nan. Ta kan ruga cikin kurmi, ta kwana tana shan azaba, ta mutu inda ba wanda zai gan ta, ba wanda ya ci namanta. Maƙwabcina ya kan ce wanda bai gyara bakansa ba, ba shi da izinin ɗaga shi bisa mai rai. A Misuri tsakiyar watan Satumba a ke buɗe farautar barewa da baka, ta ci gaba har cikin tsananin sanyi. Maharbi ya kan sa riguna masu kauri, ya hau ɗan dandamali bisa itace ya yi kwanto, in nama ya zo ya sunkuya ya harba ƙasa. Wanda jansa ya zarce, a wannan hali tsirkiya ta kan kama hannun rigarsa, kibiya ta kauce. Don haka waɗansu maharba su kan rage rabin inci daga abin da su ke harbi da shi a fili.

Masu gasa kuwa nasu awon ya fi na maharba tsanani. A gasar duniya daga nisan mita 50 a ke harbi da baka mai faifai, da'irar tsakiya mai maki 10 faɗinta santimita 8 ne, kamar bakin kofin shayi. Kibau 72 kowa ke harbawa a zagayen fari, ba a kuma yarda nauyin ja ya wuce laba 60 ba. Wanda zai maimaita abu ɗaya sau 72 ba tare da ya sake ba, tilas jikinsa ya zauna wuri ɗaya kowane ja. Gwanayensu ba su tsayawa ga rabin inci. Su kan ƙara wa tsirkiya murɗi ko su warware mata kaɗan, don su sami kashi ɗaya cikin takwas na inci. Cikin watan Afrilu na 2025 hukumar wasannin Olimfik ta yarda a shigad da wannan baka a wasannin da za a yi a Los Anjelis cikin 2028, namiji ɗaya da mace ɗaya su haɗu su tsaya wa ƙasarsu.

Wanda ya sami irin bakan nan a hannunsa, ya fara tambaya ko faifansa mai gyaruwa ne. Da yawa na yanzu suna da wani ɗan ƙarfe a jikin faifan, in an kwance ƙusoshinsa aka matsad da shi, tsawon ja ya ƙaru ko ya ragu da rabin inci rabin inci. Waɗansu kuwa sai an sake faifan ɗungum, wannan kuma aikin mai sana'a ne, domin sai an matse rassan da wata na'ura kafin a kwance tsirkiya. In an sake tsawon ja, sai a sake duba zoben leƙe, ya zo daidai da ido. A kuma duba kibau. Tsinin kibiya ya kamata ya wuce majinginarta da wajen inci ɗaya sa'ad da aka kai bango, domin gajeriyar kibiya ta kan zame ta faɗo a bayan hannu, in aka sake ta a haka sai ta huda shi. Abu na ƙarshe, wanda ya fi duka: kada a ja bakan nan a saki ba kibiya, ko da gwaji a ke yi. Ƙarfin da kibiya za ta ɗauke sai ya koma cikin bakan, tsirkiya ta tsinke, ko reshe ya fashe a fuskar mutum.

Awon nan kuma ba na har abada ba ne. Sabon shiga jikinsa a ɗaure ya ke, in ya yi 'yan watanni ya saba, kafaɗarsa ta sauka, sai a ga yana bukatar ƙarin rabin inci, ko ragi. Yara kuwa kullum girma su ke yi, shi ya sa a kan yi musu bakan da ke gyaruwa tun daga wajen inci 13 har zuwa 30, uba ya riƙa auna ɗansa kowace shekara. Na ga wata yarinya 'yar shekara 11 a filin harbi tana tara kibau fiye da ƙartin da ke gefenta, ba don ta fi su ƙarfi ba, sai don bakanta nata ne, an yanka shi a kanta.

Kowane manomi ya san bambancin ƙotar da aka sassaƙa don hannunsa da wadda ya ara a maƙwabta. Da rana ba ya ganewa, sai da dare in ya kwanta baya ya gaya masa. To, haka baka mai faifai ya ke, sai dai shi ba ya jiran dare. Ka auna gaba, ka yi lissafi, sa'an nan ka sami wanda ya san sana'ar ya tsaya a bayanka ya duba. In lissafi da jiki suka saɓa, ka bi jiki. In kuma awon da ya fito bai kai na abokinka ba, kada ka ji kunya, daidai ruwa daidai tsaki. Allah ya sa mu dace.